Faston da Ya Kayar da Huxley



A nan Kudancin Kaduna, da an ce Toronto sai a tuna da mishan ɗin SIM, da waɗanda suka kafa shi, Bingham da abokansa biyu da suka sauka Legas a 1893, da makarantar tauhidi ta Kagoro. Yau wani faston na Toronto na kawo muku, wanda ya riga su da shekara arba'in.

An haifi William Hincks a birnin Cork na Ayilan a 1794. Limami ne na ɗarikar Yuniteriyan, Kiristocin da ba su karɓi koyarwar Triniti ba. Ya yi wa'azi, ya koyar a kwalejinsu ta York, shi ne kuma editan farko na jaridarsu, The Inquirer, a 1842. A 1849 ya zama farfesan ilimin dabbobi da tsirrai a Cork.

A 1853 ne aka ba shi irin wannan kujera a Jami'ar Toronto, yana da shekara 59. Cikin waɗanda suka nema aka hana su har da Thomas Henry Huxley, matashin da bai kai talatin ba, amma tuni ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta ɗauke shi mamba. To me ya faru? Ƙanen Hincks, Francis, shi ne firimiyan Lardin Kanada a lokacin. Mai uwa a gindin murhu dai, kun san ƙarshen zancen. Na ga wasunku na murmushi. Da alama labarin ba baƙo ba ne.

Kada mu zalunci dattijon. Ba malalaci ba ne: ya tara tsuntsaye da tsirrai a gidan adana na jami'ar, ya yi ta rubutu a mujallar masana ta Kanada. Matsalar tana cikin abin da ya koyar. Ya riƙe tsohon ra'ayin cewa halittu sun kasu rukuni biyar-biyar, kowane rukuni zagaye guda, kowane zagaye da wasu biyar a cikinsa. Ɗalibin da ya shiga dajin Kagoro da wannan ma'auni, ya ga jinsin tsuntsu shida a dangi ɗaya, dole ya matse biyu su zama ɗaya. In huɗu ya gani, sai ya ce na biyar bai bayyana ba tukuna. A ganina ba imaninsa ne ya ɗaure shi ba, son tsari mai kyan gani ne, don akwai limamai a zamaninsa da suka saurari Darwin, mai ra'ayin juyin halitta.

Littafin Darwin ya fito a 1859, Huxley ya zama babban mai kare shi a Ingila. Hincks kuwa ya ƙi littafin, ya ci gaba da zana wa ɗaliban Toronto zagayensa har ya rasu a 1871, bayan shekara 18 a kan kujerar.