Ƙara wa Tarakta Ƙarfi: Mu Fara Nemo Ƙarfin da Ya Ɓace

Jawabi ga ƙungiyoyin manoma na yankin Ungogo

Tambaya ɗaya ce ta tara mu yau. Ƙungiyoyi da dama sun haɗa kuɗi sun sayi tsohuwar tarakta, ko suna haya, kuma kukansu iri ɗaya ne: ba ta ja kamar da, yaya za a ƙara mata ƙarfi?

Ana auna ƙarfin inji da ƙarfin doki. Tarakta irin Massey Ferguson 375, mai injin Perkins silinda 4, tana da ƙarfin doki wajen 75 lokacin da take sabuwa. Wannan ya ishi garma mai faranti 3 a ƙasarmu mai yashi. In ta kasa ja, sau da yawa ba ƙarama ba ce, ƙarfinta ne ya zurare ta wata kafa.

Akwai hanyar da wasu kanikawa ke bi don gaggawa. A jikin famfon da ke tura gas cikin inji akwai wani ƙaramin sukuru da kamfani ya ɗaure ya rufe. In an juya shi, gas zai ƙaru, inji ya yi ruri, direba ya ji daɗi. Amma mu sani, gas shi kaɗai ba ya ƙonewa. Kowace lita 1 ta gas tana bukatar iska wajen lita 10,000 ko fiye. In an ƙara gas ba a ƙara iska ba, ragowar ita ce baƙin hayaƙin da muke gani, wato kuɗinmu ne ke tashi sama. Zafi kuma zai yi yawa, fistan ya ƙone, gasket ya fashe, baƙin mai ya lalace da wuri. Kuma ba da rani inji ke bugawa ba, sai tsakiyar huɗa, lokacin da ruwa ya sauka kowa yana jiran layinsa. Kafin a nemo kaya a Kasuwar Ƙofar Ruwa a haɗa inji, lokacin shukar gero da dawa ya wuce. Garin neman ƙiba, an samo rama.

To, ina ƙarfin ke tafiya?

Na farko, iska. Ƙurar hunturu da ƙurar gona suna toshe matatar iska, inji ya zama kamar mai mura yana noma. Lokacin aiki a duba ta kowace safiya. In mai takarda ce, a hura ta daga ciki zuwa waje, in ta huje a canza. Kada a taɓa cire ta a yi aiki haka, gama yashi zai cinye zoben fistan.

Na biyu, gas. Gas mai ruwa ko datti yana kashe famfo da nozul. A bar shi ya kwana a duro ya kwanta, a ɗiba daga sama, a tace. A canza filta a kan lokaci. A kai nozul wurin mai na'urar gwaji, domin nozul da ke ɗigo maimakon feshi ɓarnar gas yake yi.

Na uku, zafi. A wanke ƙaiƙayi da ciyawa daga fuskar lagireto, a duba bel ɗin fanka. Baƙin mai da filtarsa a canza su bayan aikin awa 250, ko yadda littafin tarakta ya nuna.

Na huɗu, taya. A yashi inji na iya zama lafiya lau amma taya na sulɓi. Ga gwaji mai sauƙi: a sa alama a tayar baya, a auna tazarar da za ta ci a juyi 10 ba tare da garma ba, sannan a sake da garma a ƙasa. In tazarar ta ragu da fiye da kashi 15 cikin 100, sulɓi ya yi yawa. Maganinsa a daidaita iskar taya, a zuba mata ruwa don nauyi, a rage zurfin garma, a zaɓi giyar da ta dace.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi, gas ya fi iska yawa. Shuɗi, inji na shan baƙin mai. Fari bayan inji ya yi zafi, gas ba ya ƙonewa ko ruwa ya shiga.

Wasu za su ce, a sa mata tabo mana. Gaskiya ne tabo yana cusa iska, shi ya sa Massey Ferguson 390T ta fi 375 ƙarfi. Amma injinta an gina shi don haka, da fistan dabam da abin sanyaya baƙin mai. Ɗora tabo a kan tsohon inji kamar ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ne.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce: ku ajiye littafi a rubuta awannin aiki da litar gas kowace rana. Ku ware wani abu daga kuɗin haya don gyara. A yi babban gyara a watan Maris ko Afrilu, kafin ruwa. Kuma ku yanke doka, babu mai taɓa sukurun famfo sai da sanin ƙungiya. Taraktar ta kowa ce, har da gwauruwar da ke ƙarshen layi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.