Jawabin Yaye Malaman Kimiyya: Koyar da Girgizar Ƙasa da Bayanan Na'ura

 

Ƙasar da ake takawa ba dunƙule ɗaya ba ce. Ɓawonta ya yi kama da fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke: manyan sakainu ne, kowace na gogar 'yar uwarta a bakin ɗinki. Alfred Wegener, masani daga Jamus, ya faɗa tun 1912 cewa nahiyoyi na tafiya, amma ba a yarda da shi ba sai bayan 1960, da awon ƙarƙashin teku ya kawo hujja. Yau na'urorin da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam suna nuna cewa Najeriya na matsawa arewa maso gabas da santimita biyu zuwa uku a shekara, kusan yadda farce ke tofowa.

Inda sakainun suka cije, ƙarfi yakan taru shekara da shekaru, ranar da dutse ya kasa ɗauka sai ya suɓuce. Wannan ita ce girgizar ƙasa. Haka ta faru a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, mai ƙarfin maki 7.8, da kuma Maroko a watan Satumba na shekarar, mai maki 6.8.

Najeriya tana nesa da bakin ɗinki, shi ya sa motsinta kaɗan ne, amma ba a rasa shi. An ji shi a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, tana lura da wannan motsi ta tashoshi irin na Kaduna da Ile-Ife da Nsukka.

A nan ne darasin aji yake samun rai. Girgiza na aiko kaɗawa iri biyu ta cikin dutse. Ta farko na gudun kilomita shida a daƙiƙa, ta biyu kuwa kimanin uku da rabi. Kamar walƙiya da tsawa ne: gwargwadon nisan hadari, gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Malami zai buga zanen da na'urar auna girgiza ta wata tasha ta yi a takarda, ɗalibi ya aza rula, ya ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin isowar biyun, ya ninka sau takwas. Daƙiƙa 50 na nufin kusan kilomita 400. Sai ya buɗe kamfas gwargwadon wannan nisa, ya zana da'ira a taswira daga wannan tasha. Ɗalibai uku, tashoshi uku, da'ira uku: inda suka haɗu, nan ƙasa ta tsage. Yaron da ya gano wurin da hannunsa ba ya bukatar hadda, domin gani ya kori ji.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka na wallafa jerin girgizar duniya kyauta a intanet kullum. Waya ɗaya ta wadatar. Idan aji ya riƙa ɗiga kowace girgiza a taswirar bango tsawon zango guda, ɗige-ɗigen da kansu za su fitar da layin ɗinkin, ta Japan da Indunisiya da tsakiyar Tekun Atilantika.

Sauran darasin yana ƙarƙashin ƙafa. Ƙaura Namoda na zaune kan tsohon dutse mai shekaru ɗaruruwan miliyoyi, wanda tsagoginsa suka ɓoye zinariyar Anka da Maru. Idan aka nausa wajen Shinkafi sai a tarar da shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Sakkwato, wanda teku ta taɓa malale yammacinsa, ta bar farar ƙasar Kalambaina. Mai haƙa rijiya ya san bambancin tun kafin littafi ya faɗa masa.

Amanar da ke wuyan malaman da aka yaye daga Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ita ce su haɗa wa yara takardar na'ura da dutsen bayan gari. Allah Ya sanya albarka a ilimin, Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya.