Ziyarar Abokai A Kujerar Gaba

Wannan jawabi ne da aka gabatar a zaman 'yan'uwa matasa a Ɗan Isa, cikin ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, bayan wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan hukuncin shiga ɓangaren manya na jirgin sama don zuwa ziyarar abokai.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (S), 'yan'uwa, na ji wasu sun yi dariya da aka karanto tambayar nan, wai mu da ko kuɗin mota zuwa Gusau sai an yi lissafi, ina mu ina jirgin sama? To ba abin dariya ba ne. Akwai yaranmu a Abuja da Legas da Fatakwal da Allah ya buɗa wa, kuma hotunansu na zuwa wayoyinku, kuna gani, zukata na motsi. Gara a yi maganar.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A 2023 wani abokina da muka yi allo tare, wanda yake kasuwanci a Abuja, ya aiko mini da tikiti ya ce in zo mu gaisa. Sai da na je filin jirgin Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato na gane na kujerun gaba ne, wanda suke ce wa bizines kilas. Layinka daban wajen auna kaya, kuma an yarje maka nauyin da ya fi na saura. A cikin jirgin, inda na baya suke zaune uku-uku, ku biyu-biyu ne, kujera mai faɗi, ga wurin miƙe ƙafa. Ana kawo maka abinci a faranti, na baya kuwa ɗan biskit da ruwa. Da jirgi ya tashi sai ma'aikaciya ta zo ta ja labule tsakaninmu da su.

Labulen nan shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Direba ɗaya ne, inji ɗaya ne, lokacin da na gaba ya sauka shi ne lokacin da na baya ya sauka. Tafiyar duka wajen awa ɗaya ce. Amma kuɗin kujerar gaba kan kai ninki biyu na ta baya ko fiye. Kamfanonin jirgi ba wawaye ba ne, sun san 'yan kujerun nan kaɗan suna kawo musu kuɗi mai kauri, kuma sun san rabin abin da mutum yake saya ba faɗin kujera ba ne, a'a, a gan shi ne ya shiga gaba. Ni kaina, Allah ya gafarta mini, da na baya suke wucewa ta gefena da jakunkunansu, na ji wani abu ya taso mini a ƙirji wanda ban san yana nan ba.

Kafin in kai ga kujerar nan kuwa, me na yi? Na tashi daga nan na isa Ƙaura, daga Ƙaura kusan kilomita 60 zuwa Gusau, daga Gusau sama da kilomita 200 zuwa Sakkwato ta Talatar Mafara, kowane daji aka shiga mota ta yi tsit, kowa na addu'a a ransa. Wato tikitin ya saya mini awa ɗaya ta jin daɗi, amma bai ɗauke mini ko taku ɗaya na hanyar da ake tsoro ba. A 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikin filin jirgin sama a Gusau. Madalla. Amma mutumin Zurmi ko na Shinkafi, tsakaninsa da Gusau ɗin ma hanya ce, kuma ita ce hanyar.

Iyayenmu sun san wata irin tafiya. Layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, nan ne ƙarshensa, ta Funtuwa da Gusau daga Zariya. An kawo shi don kwasar gyaɗa da auduga ne, ba don zumuncin kowa ba, kuma shi ma yana da aji-aji. Amma talaka yana iya ɗaukar ƙullin fura ya hau ya je ya ga ɗan'uwansa. Da yawanku ba ku taɓa hawansa ba. A can kudu da mu, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya cika da manya saboda sun guji titi, har aka kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane, aka tafi da wasu daji, na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka fito. Mai hali ya bar titi ya koma dogo, ya bar dogo ya koma sama. Wanda ba shi da hali an bar shi da titin. Daga baya aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin motar ma ya fi ƙarfinsa.

To mu dawo ga tambayar. Ba zan ce maka haramun ne ba, don ba ni da hujjar faɗin haka. Wanda dukiyarsa ta halal ce, ya sauke haƙƙin iyalinsa da zakkarsa, ba a bin sa bashi, in ya sayi kujerar gaba bai yi laifi ba. Tsoho mai ciwon gwiwa, ko mara lafiya da za a kai asibiti, su kam har kyau ya yi a saya musu. Wanda nake jin tsoro gare shi shi ne saurayin da zai ci bashi, ko ya taɓa jarinsa, don ya ɗauki hoton tikiti ya ɗora a Facebook. Mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ku auna bambancin kujerar gaba da ta baya da wannan, ku gani wata nawa ne na ma'aikaci. Malamanmu sun karantar da mu cewa almubazzaranci ana auna shi ne da halin mutum da kuma inda ya zuba kuɗin. Sun kuma karantar da mu falalar wanda ya tashi daga garinsa zuwa wani gari don ya ziyarci ɗan'uwansa saboda Allah kawai. Sharaɗin shi ne wannan "saboda Allah" ɗin, kuma hoto kan iya cinye shi tun kafin jirgi ya tashi.

Saura abin da ya fi damuna. Na kwana biyu wajen abokin nan, ya karrama ni ƙwarai, Allah ya saka masa. Rana ta uku na shiga motar haya na tafi Mararraba wajen wani abokinmu, shi kuma gadi yake yi. Ɗaki ɗaya su huɗu. Ya riga ya ji labarin yadda na zo, sai ya kama ba ni haƙuri wai ba shi da abin saukar baƙo irina. Mutumin da muka ci tuwon dawa a akushi ɗaya shekara da shekaru! Sai da na zauna a tabarma na jawo kwanon da kaina sannan ya sake. Kuma duk daren bai tambaye ni jirgi ba. Wa aka ɗauka, wa ya dawo, gonar wa aka samu aka nome, tsohuwarsa tana iya fita tsakar gida kuwa?

Da na koma wajen mai tikitin na tambaye shi rabonsa da gida. Ya yi shiru, ya ce shekara huɗu. Ban ga laifinsa a kan tsoro ba, mai kuɗi in ya shigo yankin nan labari na riga shi isa daji, kun sani na sani. Amma na ce masa, Alhaji, ziyarar ta zama ta gefe ɗaya, mu ne muke zuwa a gan mu, kai ba ka ga abin da muke ciki ba. In za ka sake aiko mini, ka sayi na baya, ragowar ka ba abokinmu na Mararraba ya je ya ga mahaifiyarsa. Bai ji daɗin maganar ba a lokacin. Da ƙaramar sallah ta zagayo, mai gadin ya zo gida ya yi kwana tara.

Akwai 'yan'uwanmu biyu da suke kwance a asibitin Gusau tun makon jiya. Wanda zai iya zuwa ranar Asabar ya tsaya bayan an tashi ya ba da sunansa, za a haɗa kuɗin mota, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar.