Jawabi ga masu karnuka: a shirya kare kahin wanka



Manoma, makiyaya da mahalba, yau zancenmu a kan kare ne. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Kore Mai Ruwa, kare yana yi muna aiki. Yana tsaron gida da garke, yana raka mahalbi daji. Amma ba kowa ne ke kula da tsabtar jikinshi ba.

A ƙasashen Turai da Amurka, wankan karnuka sana'a ce da ake biyan kuɗi a kanta. Masu wannan sana'a ba su zuba ruwa sai sun shirya kare. Wannan shiri ne za mu koya, domin shi ke tsare mai wanka daga cizo, shi ke tona cutar da ta ɓoye.

Na farko, ku dubi halin kare daga nesa. In kun ga yana dalalar miyau, ko ya kasa haɗiyar ruwa, ko yana neman cizon mutanen gida, kada ku taɓa shi. Waɗannan alamun haukan kare ne. Ku kori yara daga wurin, ku sanar da ma'aikacin kiwo. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59.000 kowace shekara, mahi yawansu a Afirka da Asiya.

Na biyu, in kare yana da lahiya, mai shi ne zai kama shi. Wannan ba aikin yara ba ne. A ɗaure shi da gajeriyar igiya a inuwa, kada a shaƙe wuyanshi. A sa mishi takunkumin ƙyalle a baki. A riƙa yi mishi magana har ya natsu.

Na uku, a cire ƙarangiya daga gashi tun yana busasshe, domin in ya jiƙe sai ya ƙara cuɗewa. A taje shi da tsohon mashaci wanda mutane ba su aiki da shi. A duba tsakanin yatsu ko akwai ƙaya.

Na huɗu, a nemi kaska cikin kunne, da wuya, da hammata. A kama ta da matsefata dab da fata, a ja a hankali. Kada a murtsuke ta da yatsa, domin tana ɗauke da cuta. A jefa ta cikin wuta.

Na biyar, a duba fata. In akwai gyambo, ko gashi yana zuba, a kai kare wurin likitan dabbobi kahin wanka. Kada a shafa mishi baƙin man mota. Kada a wanke shi da maganin ƙwari na wake ko na kaɗa. Guba ne ga kare, guba ne ga mai wanka.

Na shida, a zaɓi wuri nesa da rijiya. A cikin Dallol Mawri ruwa yana kusa da bisa, ƙazanta ba ta wuyar kai gare shi. A kawo ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu a cikin kwanon da ba a cin abinci da shi. A sa 'yar kaɗa a bakin kunnuwan kare don kada ruwa ya shiga, a cire ta bayan wanka. Da hunturu, a jira sai rana ta ɗaga.

Sai an gama wannan duka za a zuba ruwa. Bayan aiki, a wanke hannu da sabulu.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tahi gidan likita a ranar. Allurar rigakahin wannan cuta ta daɗe: wani masani ɗan Faransa, Luwi Fasta, shi ya fara yi ma mutum ita a shekarar 1885. Amma in alamun cutar suka bayyana, babu sauran magani. Saboda haka kada a jira.

'Yan uwa, wanka yana tsabtace kare, amma allura ce ke hana shi hauka. Ku kai karnukanku a yi musu ita. Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinshi.

Allah ya ba mu lahiya, mu da dabbobinmu.