Ƙarfe Ba Ya Zama Ɗan Kallo

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, Wudil



Da aka ce in yi magana, sai na tuna wata rana ta hunturu da malaminmu na Fiziks ya rataye balo guda biyu a jikin zare bayan ya goga su da ulu. Nan da nan suka guji juna. Sai ya saka farantin ƙarfe a tsakaninsu yana riƙe da shi a hannu, sai ga su duka sun karkato wajen farantin. Mu dai dariya muka yi, muka ce Malam ya iya dabo. Yau ina so in biya bashin wannan darasi.

A shekarar 1785 wani Bafaranshe mai suna Coulomb ya nuna cewa caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta kuma suna jan juna, kuma in aka ninka nisan da ke tsakaninsu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. To, me farantin Malam ya canza? A cikin ƙarfe akwai caji masu yawo ba tare da shamaki ba. Da zarar wani caji ya kusanto, sai kishiyarsa ya taru a fuskar ƙarfen da ke kallonsa, ya riƙa janyo shi. Dokar Coulomb tana nan daram, sai dai masu ja da turi ne suka ƙaru. Ke nan ƙarfe ba ya zama ɗan kallo.

Abin da ya faru a ɗakin gwaji shi ne ke faruwa a kanmu duk damina. Gindin hadari yakan cika da caji, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma sai ta tara kishiyarsa, musamman a kan abu mai tsawo ko mai tsini: bishiya, hasumiyar masallaci, tankin ruwa, ko mutumin da ke tsaye a fili. Ta nan tsawa kan samu hanyar sauka. Fahimtar haka ce ta kai Benjamin Franklin na Amurka, wanda ya yi gwajinsa a 1752, ga dabarar kafa sandar ƙarfe a kan gini a haɗa ta da ƙasa. A 1836 kuma Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa wanda ƙarfe ya kewaye, cajin waje ba ya isa gare shi. Shi ya sa cikin mota rufaffiya ke da aminci lokacin tsawa. Jikin ƙarfen ne ke kariya, ba tayoyi ba.

Mu mutanen Wudil abin ya shafe mu ƙwarai. Muna da masunta da masu ɗibar yashi a kogi, muna da manoma a fadama, ga kuma kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Shanu sun fi mu shiga haɗari, domin idan tsawa ta sauka wutar kan bazu a cikin ƙasa, ta shiga ta ƙafar gaba ta fita ta ta baya. Ta haka dabbobin dawa fiye da 300 suka mutu a lokaci guda a ƙasar Norway a 2016. Saboda haka mu gaya wa 'yan'uwa: a bar kogi, a bar gindin bishiya. Kowace daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da ƙara na nufin kimanin kilomita 1. Wanda ya ji ƙarar, to yana inda za ta iya samunsa.

Rai da ajali na Allah ne, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Don haka ina roƙon ƙungiya, kafin damina ta kama, ta ɗauko ma'aikacin lantarki ya duba ɗakunan kwanan ƙannenmu da tankin ruwa. Inda babu sandar kariya a kafa. Inda akwai, a bi wayar jan ƙarfen har inda aka binne ta, domin sanda da wayarta ta yanke ta zama gayyatar baƙo ba tare da masauki ba. Ni zan fara ba da nawa gudummawar yau.

Malamanmu, Allah Ya saka muku da alheri. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.