Baƙin Allo da Ƙofa Mai Lamba 22



Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da saƙo. Ya ce ya leƙa ɗakin ƙaninsa ya tarar da shi gaban kwamfuta, allo baƙi ƙirin, babu hoto, sai rubutu ke gangarowa. A saninsa wannan aikin 'yan kutse ne, don haka yana so mu ja wa matasa kunne. Malam, mun gode, kuma sa ido kan ƙani hakki ne a wuyan yaya. Amma tarihi bai goyi bayan wannan zato ba.

Tun kafin linzamin kwamfuta ya shiga gidajen mutane, da rubuta umarni ake sarrafa ta. A 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tsarin TCP, ƙa'idar da kwamfutoci biyu ke bi don kada saƙo ya ɓace ko ya iso a hargitse. Ɗaya za ta yi sallama, ɗayar ta amsa, ta farkon ta nuna ta ji amsar, sannan a shiga magana. Ran 1 ga Janairun 1983 hanyar sadarwar ARPANET ta koma kan wannan tsari. A shekarar ce Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da manhajar 4.2BSD ɗauke da umarnin netstat, wanda ke nuna maka duk wanda kwamfutarka ke magana da shi. A watan Disamba kuma Mike Muuss ya rubuta ping, na tambayar wata kwamfuta ko tana nan.

To, ga inda labarin yake. Kowane aiki a wannan tsari yana da ƙofarsa mai lamba. Ta 21 ta aika fayil ce, ta 25 ta wasiƙar imel, ta 23 kuwa ta telnet, umarnin da mutum ke shiga kwamfutar da ke nesa da shi yana ba ta umarni kamar a gabanta yake zaune. Aibin telnet ɗaya ne, amma babba: duk abin da ka rubuta, har kalmar sirrinka, a fili yake bin waya. A zamanin da masu amfani da hanyar 'yan tsiraru ne na jami'o'i da suka san juna, ba wanda ya damu. Amana ce ta riƙe abin, ita kuwa amana idan jama'a suka yi yawa sai an haɗa mata da kwaɗo.

A 1995 aka gano wani ya dasa manhajar leƙen asiri a hanyar sadarwar jami'a a ƙasar Finland, tana zaune shiru tana tattara sunaye da kalmomin sirrin masu wucewa. Wani mai bincike a Jami'ar Fasaha ta Helsinki, Tatu Ylönen, abin ya tsaya masa a rai. Ya zauna ya rubuta SSH, wanda ke yin aikin telnet amma yana sirranta duk abin da ya ratsa waya, ta yadda mai laɓe ba zai tsinci komai ba.

Saura ƙofa. Ya duba ya ga lamba 22, tsakanin 21 da 23, ba mai ita, ga shi kuwa waɗannan maƙwabta biyu su ne yake son maye gurbinsu. A lokacin Jon Postel da Joyce Reynolds ke riƙe da rajistar lambobin a Kalifoniya. Ran 10 ga Yulin 1995 ya aika wasiƙar imel yana roƙon lambar. Washegari Joyce Reynolds ta amsa cewa an ba shi. Ran 12 ga wata ya saki manhajar kyauta ga duk mai so, kuma kafin shekarar ta ƙare an ƙiyasta masu amfani da ita sun kai 20,000 a ƙasashe 50. Ni dai wannan wuri yana taɓa ni, jama'a: mutum ɗaya ya ga ɓarna, ya yi maganinta, kuma bai tsaya ya ɓoye maganin a aljihu ba.

Daga baya ya kafa kamfani, sabbin fitowar manhajar suka zama na kuɗi, sai masu manhajar OpenBSD suka ɗauki tsohuwar ta kyauta suka gina OpenSSH a 1999. Da ita masu kula da kwamfutocin bankuna, jami'o'i da kamfanonin waya ke shiga wurin aikinsu har gobe.

Ɓarayi ma suna amfani da baƙin allo, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ku dubi ta inda suke shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet tana ƙwanƙwasa ƙofa ta 23, tana gwada kalmomin sirrin da kyamarori da na'urorin intanet na gida ke zuwa da su daga masana'anta, waɗanda masu su ba su taɓa canjawa ba. Da na'urorin da ta kame aka kai wa kamfanin Dyn hari ran 21 ga Oktoba, sai Twitter da Netflix, waɗanda suka dogara da shi, suka gagari mutane da dama a Amurka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma Oktoban 1986, lokacin da cunkoso ya kusa durƙusar da intanet, da yadda Van Jacobson ya warware shi.