Kauci da Baƙon Reshe: Renon Tsiron da Ba Ya Bukatar Ƙasa



Duk wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya, ya ɗaga kai ya dubi ɗorawa, da wuya ya rasa ganin wani curin ganye a kan reshe wanda ba na bishiyar ba ne. Shi ne Bahaushe ya kira kauci. Tsuntsu ne ke cin 'ya'yansa, ya goge baki a jikin reshe, irin ya manne saboda danƙonsa, ya tsira, ya soka saiwa cikin itacen yana tsotsar ruwansa. In ya yi yawa sai reshen ya bushe. Masu magani suna nemansa, manomi kuwa sare shi yake yi, kuma yana da gaskiya.

To, amma kalmar kauci ta ɗauki kayan da suka fi ƙarfinta, domin an saba jingina ta ga kowane tsiro da aka gani a kan wani. Alhali kuwa akwai wanda zama kawai yake yi a reshe, ba ya taɓa abincin mai masauki. Saiwarsa ta riƙo ce, ba ta tsotso ba. A wannan lacca za a kira shi baƙon reshe.

Da yawa daga cikin waɗannan baƙi dangin abarba ne, dangin da ya haura iri 3,000. Dukkansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne, sai guda ɗaya tak da aka gano a kan duwatsun ƙasar Gini a 1937. Wanda ya fi jan hankalin masu ado da tsirrai shi ne tilansiya, musamman wata mai faffaɗan ganye ruwan toka da ke fitowa a busassun dazuzzukan Meziko da Gwatamala. Tokar nan ba ƙura ba ce. Wasu ƙananan ɓawo ne da suka lulluɓe ganyen, da su yake shan raɓa da ruwan sama. Daɗin daɗawa, da dare take buɗe kafofin numfashinta, da rana ta rufe don kada ruwanta ya tsere.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci renonta a gari irin Gaya. Kada a dasa ta a tukunya, ƙasa ruɓar da ita take yi. A ɗora ta a kan guntun itace, a rataye a inuwar rumfa inda haske ke shiga, iska na kaɗawa, amma ranar bazara ba ta dukanta kai tsaye. Ba a ɗaure ta da wayar jan ƙarfe, domin guba ce a gare ta. Da damina kusan babu aiki. Hunturu ne lokacin jarrabawa, sa'ad da iska ke tsage leɓe, balle ganye. A nan sai a tsoma ta cikin ruwa kamar rabin awa, sau ɗaya ko biyu a mako, da safe, sannan a kife ta har ta tsane, don ruwan da ya kwana a tsakiyarta shi ne ajalinta. Ruwan sama da aka tara a randa ya fi na rijiyar burtsatse, wanda sau da yawa yakan bar farin gishiri ya toshe ɓawon nan.

Sau ɗaya take fure a rayuwarta, bayan shekaru, sannan ta fitar da 'ya'ya a gindinta, ta mutu a hankali. Wannan jinkiri ya sa 'yan kasuwa suka riƙa tsige ta daga daji maimakon jira, har ta kusa ƙarewa a Gwatamala. A 1992 aka sa ta cikin yarjejeniyar duniya ta kayyade cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ɓacewa. Saboda haka mai saye ya tambaya ko a lambu aka rene ta, in kuwa tasa ta haihu, ya jira ɗan ya kai sulusin girman uwar kafin ya raba su.